WhatsApp a kan kwamfuta: ta burauza, ta manhaja, ta haruffa takwas, ko a haƙura da haɗawar?

Kwanakin baya na shiga wani shagon buga takardu don in fitar da takarda shafi biyu. Yaron shagon yana waje yana fama da janareta, ya ɗaga murya ya ce, "Yallaɓai, zauna ka buɗe da kanka, ina zuwa." Ina taɓa linzamin kwamfutar sai ga WhatsApp ɗin wani bawan Allah a buɗe hanhai. Hirarsa da iyalinsa ce a sama, a ƙarƙashinta zauren 'yan unguwarsu, sai hoton rasidin banki da aka turo masa da safiyar ranar. Ina zaune wani sabon saƙo ya faɗo. Na tambayi yaron ko mai shi yana kusa, ya ce ai tun shekaranjiya ya buga takardunsa ya tafi. Na fitar masa da asusun, na yi abin da ya kawo ni. Ina jin har yau bai san an yi ba.

Mutumin nan bai yi wani abin da sauran jama'a ba sa yi ba. Ya nuna wa wayarsa ɗan murabba'in nan mai ɗigo-ɗigo da ake kira lambar QR, saƙonninsa suka bayyana a babban allo, ya sauke takardarsa, ya danna alamar rufe shafi, ya ɗauka an gama. Rufe shafi kuwa ba fita ba ne.

Lambar QR tsohuwar aba ce. Wani kamfanin Japan, Denso Wave, ya ƙirƙiro ta a 1994 don bin sawun kayan mota a masana'anta, WhatsApp kuma ya ɗauke ta a Janairun 2015 da ya buɗe shafinsa na kwamfuta. Inda mutane ke juya maganar baibai shi ne wa ke ba wa wa. Lambar da ke kan allo roƙo ce daga kwamfuta, wayarka ce ke sa hannu. Idan ka yi mata sikanin, kamar ka je wajen mai yanka mukulli ne ka sa an yanko wa wannan na'urar nata mukullin ɗakinka. A da, shafin madubi ne kawai: waya ta mutu ko data ta ƙare, shi ma ya tsaya cik. Daga 2021 aka fara sauya tsarin, yanzu kowace na'urar da ka haɗa tana cin gashin kanta, tana karɓar saƙo tana aikawa ko da wayarka na kashe a aljihu. Ana iya haɗa har guda huɗu, kuma ba za su yanke da kansu ba sai wayar ta yi kwana 14 ba a buɗe WhatsApp a cikinta ba. Wa ke yin kwana 14 bai leƙa WhatsApp ba?

Ma'aunin da zan bi

Abu huɗu zan duba a kowace hanya. Na farko kuɗi. Duk hanyoyin da kamfanin ya fitar kyauta ne, saboda haka kuɗin da nake nufi shi ne data, da caji, da nauyin da abin zai ɗora wa kwamfutar da ta riga ta tsufa. Na biyu ɗorewa: haɗin zai zauna, ko kullum sai ka sake ɗaga waya kana sikanin? Na uku sauƙi. Na huɗu haɗari, kuma a nan na fi daɗewa: wa zai iya buɗewa bayan ka tashi, me ke saura a kwamfutar, kuma yaya ɗan damfara zai iya kwaikwayon hanyar.

Amma akwai tambayar da ta riga waɗannan duka: kwamfutar ta waye? Hanyar da ta fi kowacce kyau a laftof ɗinka ita ce mafi muni a kwamfutar shago. Ka riƙe wannan a zuciya yayin da kake karanta sauran.

Ta burauza

Ita ce wadda kowa ya sani. Ka buɗe Chrome ko Firefox ko Edge ko Safari, ka rubuta web.whatsapp.com, lambar ta fito. A waya ka shiga inda aka rubuta "Linked devices" (a Android yana ƙarƙashin ɗigo ukun nan na sama, a iPhone yana cikin saituna), ka danna haɗa na'ura, ka saita kyamara. Lambar tana sauya kanta bayan 'yan daƙiƙu, don haka hoton tsohuwar lamba ba ya aiki.

Wajen kuɗi ba ta cin komai sai data. Haɗin farko ne ke ɗan sha, domin waya tana tura wa kwamfuta kwafin hirarrakin baya-bayan nan, kuma mai zaure talatin ba ɗaya yake da mai zaure uku ba. Idan wayarka ce ke ba kwamfutar intanet, shiga saituna ka kashe saukar hotuna da bidiyo kai tsaye, in ba haka ba bidiyon biki da wa'azin da ake ta yawo da su a zaure za su sauka sau biyu, kai ne kuma mai biya.

Ɗorewarta matsakaiciya ce. Haɗin yana zaune ne a cikin ajiyar burauzar, ranar da aka share tarihi da bayanan shafuka ya tafi. Masu tsohuwar kwamfuta mai Windows 7 kuma su sani Chrome ya daina sabunta musu tun farkon 2023, ya tsaya a siga ta 109. Tsohuwar burauza ƙofa ce mai ruɓaɓɓen ƙyaure, kuma shafin kan iya ƙin buɗewa a cikinta.

Haɗarinta kashi uku ne. Akwai shafin bogi. Mutum ya rubuta sunan a wurin bincike ya danna abin da ya fara fitowa, alhali na saman nan sau da yawa talla ne da wani ya biya. Shafin zai yi kama da na gaske, lambar da ke kai ma ta gaske ce, sai dai ta kwamfutar ɓarawon ce ya ɗauko ya liƙa. Kana sikanin, shi ka shigar. Maganinsa mai sauƙi ne: rubuta adireshin da hannunka, ka ajiye shi, kullum ta nan za ka bi. Sai ƙananan manhajojin da ake maƙala wa burauza, irin masu alƙawarin ɓoye cewa ka karanta saƙo ko aika talla ga mutum dubu a lokaci ɗaya. Wanda ka ba izinin ganin shafi yana ganin abin da kake gani. Ɓoye saƙo daga waya zuwa waya da WhatsApp ya kammala a 2016 yana kare saƙo ne a hanya, ba ya kare shi bayan ya buɗe a gabanka. Na uku shi ne na mutumin shagon nan: ɗan akwatin da ke ƙarƙashin lambar, mai tambaya ko a bar ka a ciki a wannan burauzar. A kwamfutarka ka bar shi da alama. A ta wani ka cire alamar, ka yi aiki a tagar sirri ta burauzar (Incognito ko Private), in ka gama ka danna fita, sannan ka duba waya ka tabbatar na'urar ta ɓace daga jerin "Linked devices". A cikin saitunan shafin akwai kuma wurin sa masa kalmar sirri, mutane kaɗan ne ke amfani da shi.

Ta manhajar kwamfuta

Tun 2016 akwai manhajar da ake sa wa Windows da Mac. Haɗa ta iri ɗaya ne da na burauza, lambar dai za ka yi wa sikanin. Bambancin yana bayan haɗawar.

Za ta ci data sau ɗaya wajen saukewa, sannan lokaci zuwa lokaci wajen sabuntawa. Ta Windows tana son Windows 10 ko abin da ya fi shi, kuma a laftof ɗin hannu mai ƙaramar ƙwaƙwalwa za ka ji nauyinta idan ka buɗe ta tare da wasu ayyuka. Wajen ɗorewa ta fi burauza nesa. Share tarihin burauza bai shafe ta ba, an ɗauke wuta kwamfuta ta mutu ka kunna za ka tarar da ita inda ka bari, saƙo kuma yana shigowa da sanarwa ko ba ka buɗe wani shafi ba. Kiran murya da na bidiyo a nan aka fara su a 2021, burauza ta daɗe ba ta da su, don haka mai yawan ganawa ta bidiyo nan ne wurinsa.

Ni a ganina ita ce mafi aminci ga mai kwamfutar kansa, saboda dalili guda: sau ɗaya kawai za a iya yaudararka, wato ranar saukewa. In ka ɗauko ta daga Microsoft Store ko App Store ko shafin whatsapp.com, an wuce wurin, babu adireshin da za ka riƙa kuskuren rubutawa kullum. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kwafin da mai gyara ke zuba wa mutane daga filashinsa tare da tarin manhajoji idan an kai masa gyara. Wataƙila lafiya lau yake, wataƙila kuma shi kansa bai san inda ya samo shi ba.

Ɗorewar nan tata ita ce kuma rauninta. Duk wanda ya ɗaga murfin laftof ɗin ya shiga hirarka: ƙaninka da ya ara zai yi aikin makaranta, abokin ofis, mai gyara, ɓarawo. Don haka kwamfutar kanta sai ta kasance da kalmar sirri, kuma ka saba da danna maɓallin Windows tare da L duk lokacin da za ka tashi, ko da alwala za ka je. Ranar da za ka kai ta gyara, ko ta ɓace, cire ta daga waya tun kafin ka fara jimami. Takardu da hotunan da ka riga ka sauke kuwa suna nan a cikinta, fita daga asusu ba ya goge su.

Ta haruffa takwas

Wannan ba wani wuri ne na dabam ba, wata ƙofa ce ta shiga burauzar ko manhajar. An kawo ta a 2023. A ƙarƙashin lambar QR akwai zaɓin haɗawa da lambar waya: ka rubuta lambarka a kwamfuta, ta nuna maka haruffa da lambobi guda takwas, ka kwafe su a wayarka. Ga wanda kyamararsa ta tsage ko ta yi hazo, wannan rahama ce. Kuɗi da ɗorewa daidai suke da na burauzar ko manhajar da ka shiga.

Sai dai ita ce 'yan damfara suka fi jin daɗi, domin ba sai wayarka ta ga wani allo ba. Haruffa takwas ana iya karanto su a waya, ana iya turo su a saƙo daga wata ƙasa. Yadda ake yi ke nan: saƙo ya zo daga lambar wani da ka sani, wanda an riga an shiga nasa, ya ce ga hotonka an sa a wani wuri, ko ga fom ɗin tallafi. Ka danna, shafin ya nemi lambar wayarka "don tantancewa", ya nuna maka haruffa takwas ya ce ka shigar a WhatsApp. Da hannunka ka buɗe musu.

A nan ya kamata a raba abu biyu da ake cakuɗawa. Akwai lamba shida da ke zuwa ta tes, wadda ake kiran mutane a ce musu ta shiga taron zaure ce su karanto. Wanda ya karɓi wannan ya ɗauke asusun gaba ɗaya, WhatsApp ɗinka ya fita, nan take ka san an yi maka sata. Lambar sirri ta mataki na biyu, ita ma mai lamba shida da kai ka zaɓa, wannan satar take tarewa, kuma lallai kowa ya sa ta. Amma ba a tambayarta wajen haɗa na'ura. Mai haruffa takwas ba ya korarka. Kana ciki yana ciki, yana karanta ciniki da sirrin gida, yana jiran ranar da zai rubuta wa abokin cinikinka da sunanka ya ce an canza asusun banki. Babban abin da zai tona shi shi ne jerin na'urorin da ke wayarka.

Kada a ɗauka wannan wasan ƙananan ɓarayi ne. A Janairun 2025 Microsoft ya ba da rahoton wata ƙungiyar kutse mai alaƙa da Rasha, Star Blizzard, da ke tura wa jami'ai lambar QR da sunan gayyatar shiga zauren tallafa wa Yukiren, alhali ta haɗa na'ura ce. Wata guda bayan haka Google ya bayyana irin wannan dabara a kan manhajar saƙo ta Signal. Shiga zaure ba ya bi ta wurin haɗa na'ura. Duk wanda ya ce ka shiga can don karɓar wani abu, ɗakinka yake nema.

Ta bayan gida

Ina nufin GB WhatsApp da danginsa, wato kwaikwayon WhatsApp da ba kamfanin ne ya fitar ba, da manhajojin da ke cewa za su "kwafi" WhatsApp ɗin wani, da masu aika talla barkatai. Ba zan daɗe a nan ba. Kamfanin ya fara dakatar da asusun masu irin su GB tun 2019, kuma ɗan kasuwar da lambarsa ke jikin allon shago da ledar kayansa ya san abin da rufe lambar ke nufi. Araha ba ta ado. Masu "kwafin" nan kuma ba wani siddabaru suke yi ba, shafin burauzar nan ne aka sa wa riga, sai an ɗauki wayarka an yi sikanin kafin su yi aiki. Shi ya sa tun 2021 wayar da aka sa wa zanen yatsa ko fuska take neman a tabbatar kafin ta haɗa sabuwar na'ura. In kuwa duk gidan sun san lambar buɗe wayarka, to, ka riƙa duba jerin.

Akwai masu sa manhajar kwaikwayon Android, irin BlueStacks, su zuba WhatsApp na waya a ciki. Tana aiki, amma tana da nauyi ƙwarai, kuma in ka yi kuskuren yin sabuwar rajista da lambarka a can maimakon haɗawa, na wayarka zai fita. Wahala ce ba riba.

A haƙura da haɗawar

Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Yawancin waɗanda ke haɗa WhatsApp a shago takarda ɗaya ce ta kai su: takardar jarrabawa, takardar neman aiki, hoton fasfo. Tura wa mai shagon wannan ɗayar ta lambarsa ko ta imel, ka aika ta a matsayin takarda don kada hoton ya dushe. Abin da ka bayar shi ne lambarka da wannan takardar, ba hirar shekara ba. In takardar mai nauyi ce, kamar katin ɗan ƙasa ko bayanin banki, tsaya a kansa ya goge ta daga kwamfutar, har daga kwandon shara. Filashi ma hanya ce, sai dai kwamfutocin haya sun yi suna wajen rabon ƙwayar cutar nan mai mayar da fayiloli gajerun hanyoyi (shortcut). Kebul kuwa yana buɗe wa kwamfutar dukan hotunan wayarka muddin yana maƙale.

Ga masu tunanin ko Telegram ya fi: shi ma lambar QR yake amfani da ita, kuma yana da fifiko guda, in ka sa masa kalmar sirri ta mataki na biyu sai an rubuta ta ko da an yi sikanin. Amma hirarrakinsa na yau da kullum a rumbun kamfanin suke, wanda ya shiga zai ga tarihi tun daga farko. Signal ba shi da shafin burauza sam, sai manhaja.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Burauza | Data kawai | Matsakaiciya | Mafi sauƙi | Shafin bogi, mantuwa a buɗe |
| Manhajar kwamfuta | Data, da nauyi ga tsohuwar kwamfuta | Mai ƙarfi | Sai an sauke tukuna | Duk mai taɓa kwamfutar |
| Haruffa takwas | Daidai da na sama | Daidai da na sama | Ba ta buƙatar kyamara | Damfara daga nesa |
| GB da makamantansu | Wasu kyauta, wasu da kuɗi | Babu tabbas | Ya danganta | Rufe lamba, satar bayanai |
| Tura takarda kawai | Data kaɗan | Ba haɗi | Mai sauƙi | Takardar na iya saura a shago |

Wacce ta dace da wa

Mai laftof ɗin kansa da ke wuni a kansa, ko malami ne ko ɗan jarida ko mai zane, ya sa manhaja, ya sa wa kwamfutar kalmar sirri. In kwamfutar ta tsufa har tana nishi, ya koma burauza, muddin burauzar na samun sabuntawa.

Ɗalibi ko mai neman aiki da ke yawon shagunan buga takardu, kada ya haɗa. In dole ta kama, misali takardun suna da yawa kuma a warwatse, to burauza a tagar sirri, a cire alamar zama a ciki, kuma kada ya bar bakin shagon sai ya ga jerin na'urorinsa fayau.

Ma'aikacin ofis ya tuna kwamfutar ta ma'aikata ce, masu kula da ita na iya sa mata abin da suke so, gobe kuma ana iya ba wani teburin. In aikin ne ke buƙata, a nemi layin ofis a haɗa shi. Naka na gida ya zauna a aljihu.

Kwamfutar falo da yara ke kallon bidiyo a kai: buɗe wa kanka asusu na dabam mai kalmar sirri a cikin Windows, sannan ka haɗa a can.

Mai fasasshiyar kyamara ya bi ta haruffa takwas, da sharaɗin shi ne ya rubuta adireshin, kuma haruffan daga allon da ke gabansa suka fito.

Ɗan kasuwa mai yaran shago da ke amsa masu saye, shi ne ya fi kowa cin moriyar guraben nan huɗu na haɗa na'ura, shi ne kuma ya fi kowa abin asara. Ya ware layin kasuwanci dabam da na gida, ya sa WhatsApp Business, wayar ta zauna a hannunsa, yara su yi aiki ta kwamfutar shago. A jerin na'urorin ana ganin irin kowacce da lokacin da aka yi amfani da ita na ƙarshe. Kwamfutar da aka kulle a shago tun magariba ba ta da dalilin nuna motsi da ƙarfe ɗayan dare. Ranar da aka sallami yaro kuma, yadda ake karɓar mukullin shago a hannunsa, a cire dukan na'urorin a sake haɗa ta shagon kaɗai kafin a rufe ƙofa.